Farantin da aka fizge daga hannuna a Guangzhou

Har yau abin yana ci min rai. Ranar da ba mu da lodin kwantena na shiga wani shagon kayan gargajiya a birnin Guangzhou na ƙasar China, na hango faranti a kan kanta, na ɗauka da hannu biyu ina kallon zanensa. Mai shagon ya taso a guje ya fizge, ya nuna min ƙofa yana ta maimaita sunan kasuwar sari, wai can ne ake sayar da irin kayanmu. Ko kuɗinsa bai bari na tambaya ba.

Wallahi da ya san gidan da na fito! Ni da na tashi ina goge jeren Inna duk jajiberin sallah, langa da samira da tangaran, kowanne da mazauninsa a kabad, shi ne za a nuna min yadda ake riƙe faranti?

Irin wanda suke kira Guangcai ne. Fari fat ake gasa shi a garin Jingdezhen, a kawo nan Guangzhou masu zane su yi masa ado, a mayar wuta mai sauƙi don launin ya kama. An raba fuskarsa gida-gida: nan mata zaune a baranda suna hira, can tsuntsu a kan reshe, ga furanni ruwan hoda da malam-buɗe-littafi, tsakaninsu kore da ruwan zinare, ko wurin sa yatsa ba a bari ba. Daga 1757 zuwa 1842 garin nan ne kaɗai aka yarda jiragen Turawa su yi ciniki a China, kuma a gidan tarihi na ga waɗanda aka zana wa tambarin gidajen Turawan da suka yi oda. Tun asali don baƙi aka yi su. To ni ba baƙo ba ne?

Da na koma ɗakina a unguwar Xiaobei na kira Inna, ban faɗa mata ba. Maganar bikin auta ta ɗauko. Yarinyar ta ce ba ta son langa a ɗakinta, kayan zamani take so, Inna kuma ta rantse sai ta raba mata jerenta, don daga hannun kakarmu ta samu wasu. Gwaggo ta goyi bayan auta, yanzu sama-sama suke gaisawa da Inna. Kowa ni yake jira in raba gardama ta waya, in kuma turo kuɗin gado da kujeru kafin ƙarshen wata. Ba ma lalle in samu zuwa ɗaurin auren ba.