Layi ɗaya da na manta a pyproject.toml

Har yau in na tuna sigar 0.3.0 sai raina ya sosu. Ɗan ƙaramin laburare ne na Python da na rubuta don karanta fayilolin saiti, kuma ya dogara da wani laburaren mai suna PyYAML. Gwaji duk ya yi kyau, na ɗora a PyPI, wato rumbun da ake sauke kunshin Python daga ciki, da daddare, na kwanta ina jin kaina gwani.

Gari na wayewa sai ga saƙo daga wani da ya girka shi: ModuleNotFoundError, wai babu yaml. Na ce haba, ai ga PyYAML nan cikin requirements.txt, fayil ɗin da nake jera laburaren da aikina ke buƙata, da hannuna na sa shi. To a nan gizo ke saƙar. Idan ana girka kunshi daga PyPI, pip, manhajar da ke girkawa, ko kallon wannan fayil ba ya yi, bayanan da ke jikin kunshin kawai yake karantawa. Ni kuwa da na ƙaura daga setup.py zuwa pyproject.toml, wato daga tsohon fayil ɗin bayanin kunshi zuwa sabo, bisa ƙa'idar Python ta PEP 621 ta 2020, na kwashe suna da siga da lasisi, na bar abin da ke install_requires, wato jerin laburaren da kunshin ya dogara da su, a baya. Gurbin dependencies, inda ya kamata jerin ya koma, fayau. A kwamfutata PyYAML ya daɗe da zama tun wani tsohon aiki, shi ya sa ban ga alamar komai ba.

Fayil ɗin wheel, wato kunshin da aka gina ake ɗorawa, ai zip ne kawai. Na buɗe shi, na shiga dist-info, na karanta METADATA. Ko layi ɗaya na Requires-Dist, inda ake faɗa wa pip abin da zai haɗa ya girka, babu. Minti ɗaya ya ishe ni in ga wannan kafin in ɗora, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Sai gaggawa ta ƙara mini wani. Na gyara, na so in sake ɗora 0.3.0, aka ƙi karɓa. Na goge sigar gaba ɗaya na sake gwadawa, nan ma a'a. PyPI ba ya yarda a maimaita sunan fayil da aka taɓa ɗorawa ko da an goge shi, kuma da gaskiyarsu, kada siga ɗaya ta zama abu biyu. Garin neman gira na rasa ido: wanda ya kafe a kan 0.3.0 ya girka PyYAML da kansa, yanzu shi ma nasa ya tsaya. Da yank na yi, wato janye siga ba tare da goge ta ba, wanda PEP 592 ya kawo, da pip zai tsallake sigar sai ga wanda ya ambace ta daidai da ==.

Wajen fitar da 0.3.1 ma saura ƙiris in rubuta yaml a dependencies, alhali sunan kunshin PyYAML ne, yaml sunan da ake kira ne a cikin lamba.

Yanzu ba na ɗora komai sai na buɗe sabon venv, wato keɓaɓɓen muhallin Python, wanda babu komai a ciki, na girka wheel ɗin da na gina, na kira laburaren. Sannan in buɗe METADATA in ƙirga layukan Requires-Dist da idona.