Dillalin gida da maganar la'ada

Duk mai shirin sayen gida a Kano, ka fara tsayar da maganar la'ada da dillali tun kafin ya kai ka ganin gidan. Yawanci kashi 5 cikin 100 ne, amma wallahi ranar biya sai ka ga mutum hudu sun bayyana kowa na cewa ai shi ya kawo labarin, shi ya hada ku, dole a raba da shi. Ni dai ba na biya sai na zauna da mai gidan ido da ido, na ga takardu, in akwai C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, a je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba. In gidan gado ne kuwa, to duk magada su sa hannu gaban mai unguwa, kar dillali ya ce maka babban yayansu ya yarda shikenan.