Shekara uku ina jiran in rame kafin in shiga gidan motsa jiki

Ƙanena da ka sha zuwa bakin gidan motsa jiki ka leƙa ka juya, da ke ƙanwata da takalminki na motsa jiki ke ajiye cikin kwalinsa tun bara, da ku nake. Abin da kuke yi na yi shi, kuma sai da na ɓata shekara uku ina yi.

Ina da shekara 27 nauyina ya kai kilo 118. Likita ya gwada ni ya ce jinina ya fara hawa, in nemi hanyar motsa jiki tun wuri. Na ce masa to. A raina kuwa na riga na ƙulla wata shawara da ban faɗa wa kowa ba: sai na rage ko kilo goma ne a gida, sannan in shiga jim, wato gidan motsa jiki, don kada in kai wannan tumbin cikin mutane. Duk sauran kurakuran da zan faɗa muku daga nan suka tsiro. Mara lafiya ne ya ce ba zai je asibiti ba sai ya ji sauƙi. A shekara ukun nan ban rage komai ba, ƙaruwa ma na yi. In fara tsalle-tsalle a ɗaki kwana huɗu ko biyar, gwiwa ta yi ciwo, in bari, bayan wata biyu in sake farawa. Babu mai nuna mini yadda ake yi, ban kuma tsayar wa abin lokaci ba.

Idon mutane nake tsoro. Gani nake da zarar na tura ƙofa kowa zai ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya juyo yana kallona, yana lissafin abin da na ci har na kai haka. Ranar da na daure na shiga, abin da na tarar daban ne. Wannan yana ƙirga ɗagawarsa, wancan ya toshe kunne da abin jin kiɗa, wani kuma ya kafe madubi da ido, kuma kansa yake kallo. Daga baya na ci karo da wani bincike da masanin halayyar ɗan'adam Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2000. A Jami'ar Cornell ta Amurka suka sa wa ɗalibai riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka tura kowanne ya shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Da aka tambayi masu rigar mutum nawa suka gane hoton, sai suka ce ai kusan rabin ɗakin. Da aka tambayi na zaune, kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ya gane. Mai jin kunya yakan ninka idon da ke kansa, kuma ni na fi ninkawa. Ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kashi 43 cikin 100 na manyan duniya nauyinsu ya wuce kima. Jiki irin nawa da naku ba baƙo ba ne ga duk mai horarwar da ya daɗe a aikin.

Sai dai ba zan yaudare ku in ce duk abin a kai yake ba. Akwai masu kallo, akwai masu magana. A mako na uku ina kan keken tsaye ina haki, wasu samari biyu suka wuce, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa wani abu, suka dube ni suka yi dariya. Na ji kalmar, ba zan maimaita ta ba. Na sauka, na ɗauki tawul na fita, ban sake komawa ba sai bayan wata biyu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne na miƙa lafiyata ga mutum biyu da ko sunana ba su sani ba. Kunyar mara kunya asara ce. Kuɗina na biya kamar yadda suka biya, kuma na fi su buƙatar wurin. Da na sani da na je na sami shugaban wurin na faɗa masa abin da ya faru. Idan irin wannan ta same ku, ko wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hotonku ba da izini ba, ku kai ƙara nan take. Wurin kirki zai tsawatar. In aka yi muku shiru ko aka mai da abin wasa, ku bar musu gidansu ku nemi wani, amma kada ku bar motsa jikin.

Kunyar nan ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta bi ni har ciki, ita ta riƙa zaɓa mini abin da zan yi. A ranata ta farko na hau injin gudu kusa da wani siririn mutum da ke sheƙa gudu. Don kada a ce mai ƙiba ya kasa, sai na ƙara saurin injina ya kusa nasa. Minti huɗu na yi, idona ya fara rufewa, na kama ƙarfen gefe da hannu biyu. Maimakon in zauna in huta sai na wuce wajen ƙarafa na ɗauki wanda ya fi ƙarfina. Kwana uku ina sauka daga matakala a kaikaice, gwiwar hagu kuma ta kumbura har mako biyu. Sauri ya haifi nawa.

Ga abin da ban sani ba lokacin. Tsamin jiki bayan sabon motsi abu ne da aka saba, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya lafa, kuma yana raguwa da jiki ya saba. Ciwo mai suka a cikin gwiwa ko wata gaɓa, ko kumburi, wannan gargaɗi ne, a dakata. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, wannan maganar likita ce a ranar. Haka in fitsari ya yi duhu ƙwarai tare da matsanancin ciwon tsoka bayan an wahalar da jiki, a tafi asibiti ba jira, domin tsokar da ta lalace tana iya taɓa ƙoda. Wanda kuma yake da hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, ya fara ganin likitansa kafin ya yi rajista.

Ma'aunin da ya cece ni mai sauƙi ne. In kana iya magana kana cikin motsin, amma ba za ka iya rera waƙa ba, to kana kan matsakaicin mataki, kuma shi ake nema. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsi a mako, da kwana biyu ko fiye na ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar, kuma ba a ce sai an kai shi a makon farko ba. Da na koma, da minti goma sha biyar na tafiya na fara, sai keke, wanda ke ɗauke wa gwiwa nauyin jiki. Gudu sai da na yi wata shida kafin in sake gwada shi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 kan masu ƙiba da ciwon gwiwa ya nuna cewa duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Juya lissafin ka ga abin da na ɗora wa tawa a waccan ranar.

Batun kaya ma kunya ce ta zaɓa mini. Ƙatuwar riga mai kauri nake sawa don ta ɓoye tumbi, a ƙarƙashinta kuma in ɗaura leda a ciki, wai gumi ya narkar da kitse. Gumi ruwa ne da gishiri. Abin da sikeli ya nuna ka rage bayan ka jiƙe sharkaf, da ka sha ruwa zai dawo, abin da za ka samu kawai jiri da ciwon kai. Kitse kuma ba ya barin wuri don an matsa wa wurin ko an ɗaure shi. Ku sa kaya mara nauyi mai shan iska, da takalmin da ya riƙe ƙafa. Akwai kuma wata matsala da masu jiki kaɗai suka sani, ba kuma a cika faɗinta ba: cinya tana gogar cinya har fata ta saɓule. Ɗan gajeren wando mai kama jiki a ciki, da ɗan man shafawa a wurin kafin a fara, sun raba ni da ita. Wata 'yar'uwata ta ce mini ita rigar mama mai riƙe jiki sosai ce ta sa ta daina jin nauyin tafiya da sauri, kuma ta fara ne a lokacin da wurin ya ware wa mata. Wurare da dama suna da irin wannan tsari, ku tambaya.

Tambayar ita ce ta fi mini wuya. Wata guda cur ina zagaye wasu na'urori don ban san inda ake zama ba, ban san me ake ja ba, kuma ba na so a gane ban sani ba. Ina satar kallon wasu ina kwaikwayo, har na ja wa bayana ciwo. Ranar da na je wa mai horarwa na ce, “Malam, ni sabo ne, gwiwata tana ciwo, likita ya ce jinina ya fara hawa, nuna mini abu uku da zan iya,” minti ashirin kacal ya ɗauka ya warware abin da na yi wata ina fama da shi. Ya gyara mini tsayin kujerar keke, ya nuna mini yadda ake zama a tashi daga benci ba a cutar da gwiwa ba, ya rubuta mini a takarda. Matambayi ba ya ɓata. Har tambayar da na fi jin nauyinta na yi masa, ko injin zai ɗauki nauyina. Bai ko ɗaga gira ba, ya ce kowace na'ura tana da iyakarta, kuma wannan ta fi ƙarfina nesa. Amma ku lura da irin mai horarwar da kuka samu. Wanda yake kunyata ku gaban mutane, ko yake cewa ku ci gaba kuna faɗa masa gaɓa tana suka, ko yake tallata muku ƙwayar rage ƙiba, ba shi ne naku ba.

Sai sikeli. Kullum da safe nake hawa, wani lokaci har da dare. In ya sauka rabin kilo in wuni cikin farin ciki, in ya hau in ce abin ba ya aiki. Alhali nauyin mutum yana iya hawa da sauka kilo ɗaya ko biyu daga yau zuwa gobe saboda ruwan jiki kawai. Gaskiyar da ba a faɗa mini ba ita ce motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi da yawa in ba a gyara ci ba, amma amfaninsa ba ya jiran sikeli. Barcina ya gyaru tun ban rage kilo biyu ba. Na daina tsayawa hutu a tsakiyar matakala. Akwai wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, kan mutum sama da 3,000 da sugansu ya hau amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka ɗora kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kashi 7 na kilo 118 kilo takwas ne da 'yan kai. Bai ma kai goman da na mai da shi kuɗin shiga jim ba. Yanzu sau ɗaya nake hawa sikeli a mako, abin da nake rubutawa kullum shi ne minti nawa na yi da nauyin da na ɗaga.

Za ku tambaye ni yaushe mutum ke sakewa. Ban ji daɗin ranar farko ba, ban ji daɗin ta goma ba. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi diddigin yadda sabon abu ke zama jiki, suka tarar tsaka-tsakinsa kwana 66 ne, wani ya fi haka sauri, wani ya ɗauki ninkinsa, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ni wajen mako na takwas ne na lura na shiga na rataye jakata na hau keke ban duba wa ke kallo ba. Abin da ya fi taimakona shi ne zuwa a lokaci ɗaya kullum. Fuskoki ɗaya kake gani, su ma su saba da taka. Wani ƙaton mutum da nake tsoron haɗa ido da shi, shi ya fara ɗaga mini kai in na shigo. Wata rana ya ciro wayarsa ya nuna mini tsohon hotonsa, a lokacin ya fi ni jiki. Ban rame can ba har yau, har yanzu ina cikin masu jiki a wurin, amma jinina ya sauka kuma likita ya gani.

Zuwanku na farko ba sai da kayan motsa jiki ba. Ku je ku ce a zagaya da ku. Ku duba ko akwai mutane iri-iri, manya da yara, masu jiki da sirara, ku ga yadda ma'aikata ke amsa tambaya, ku leƙa wurin canja kaya, ku tambayi lokacin da mutane suka fi ƙaranci. In akwai aboki ko ƙawa da za su raka ku makon farko, ku ja su. Kada ku biya na shekara, ku biya mafi gajeren da suke da shi. Ranar farawa minti goma sha biyar na tafiya ko keke ya isa, ku sha ruwa, ku tafi gida da sauran ƙarfinku. Kafin ku fita ku tsaya wajen mai horarwa ku faɗa masa ranar da za ku dawo da lokacin, ya san da zuwanku.