Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baba Insfekta Ya Ajiye Kaki

Makon jiya mun tsaya a inda aka tura ni kotun majistare a Kano a matsayin magatakarda. Yau zan ɗan kauce daga labarin kaina, don shekarun nan ba sa ba da ma'ana in babu Baba Insfekta, ɗan sanda mai gabatar da ƙara da na tarar a can. Ba zan kama sunansa ba, iyalinsa ba masu son hayaniya ba ne.

Bai yi karatun lauya ba, amma kundin Penal Code, wato dokar hukunta laifuka da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, a kansa yake. Ka ce sata, ya ce sashe na 287. Cin amana, 312. Damfara, 322. Sababbin lauyoyi su zo da baƙar kwat suna ta buɗe shafi, shi kuwa yana tsaye hannuwansa a baya. Kuma kada ku ɗauka mai sanyi ne. In ya riƙe fayil ɗin wanda ya damfari gwauruwa ko ɗan fansho, har ni da nake rubutu sai na ji tausayin mutumin. Yana da faɗa, na sha shan nawa a kan kwanan wata da na rubuta a karkace.

Akwai wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ya barin aljihunsa. Babban laifi irin kisan kai, sashe na 221, majistare ba shi da hurumin yanke shi. Sai a ajiye wanda ake zargi a gidan yari, a jira shawarar lauyoyin gwamnati, a ga ko za a kai shi babbar kotu ko a sake shi. A wannan jiran ne ake manta mutum. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa umarnin tsarewa na farko wa'adin kwana 14, amma tun kafin ta zo Baba yake rubuta sunan duk wanda aka tsare ta hannunsa, da ranar da aka tafi da shi. Duk Alhamis sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi sawun fayil, ofis-ofis. Babu wanda ya sa shi, kuma daga albashinsa yake zuba mai.

Wata rana aka kawo wani yaro bisa zargin satar waya a shago. Aka yi ta ɗage zama, mai ƙara bai taɓa zuwa ba, shaida ko ɗaya babu. Baba ya miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, ba ni da abin da zan tsaya a kai. Ina roƙon a sallame shi." Da yamma sai ga mai shagon, babbar riga na jan ƙasa.

"Insfekta, ashe kai ma da bakinka aka sake shi?"

"Alhaji, ni na gwamnati ne, ba naka ba. An kira ka, ba ka zo ba."

A ganina ranar ya fi yi wa kakinsa hidima fiye da ranakun da ya sa aka ɗaure mutane.

Da ya cika shekara 35 a bakin aiki, aka yi masa walima a harabar kotu. An kafa rumfa, an raba shinkafa da lemo, an ba shi shadda da darduma da agogon bango. Jawabai sun yi yawa, galibi maimaici ne. Mai shari'a ce kaɗai ta faɗi abin da ya shige ni: ta ce ba ta taɓa jin ya karanta wa wanda ake zargi takardar ƙara ba tare da ya fassara masa da Hausa, ya tambaye shi ko ya gane ba. Shi kansa jawabinsa bai kai minti biyu ba. Ya nemi gafarar duk wanda ya zalunta da sani ko a rashin sani, ya zauna.

Ana watsewa ya ja ni bayan rumfa, ya yage shafi ɗaya daga littafin nan ya danƙa mini.

"Ɗana, mutum biyu ne ban samu na fitar ba. Ranar Litinin ka tuna wa wanda ya gaje ni. In ya yi shiru, ka sake tuna masa."

Ɗaya daga cikin sunayen nan biyu shi ya kusa raba ni da aikina. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda aka yi.