Shekara huɗu ina facin rufin shago, ashe ba kwanon ne kaɗai matsalar ba

Shaguna biyar da sito ɗaya mahaifinmu ya bari a nan Kano, ni aka ɗora wa kula da su tunda ni ne a gari. Tun ina firamare aka buga kwanon nan, to ku ƙiyasta da kanku. Duk damina sai wani ɗan haya ya kira ni, Alhaji ruwa fa na sauka, ni kuma in tura yaro da kwalta da 'yan kusoshi ya hau ya lilliƙe, a samu sati biyu ko uku lafiya sai wani wajen ya ɓalle, haka dai muke ta yi har shekara huɗu ina ganin ni mai dabara ne.

Bara cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, da asuba mai siton ya kira ni muryarsa na rawa. Buhunan fulawa na layin sama duk sun sha ruwa, sukari kuwa ya dunƙule kamar dutse. Mutumin kirki ne bai ɗaga min murya ba, amma ni na san abin da na rage masa a kuɗin hayar shekarar, kuma wallahi ya kusa sayen bandir biyu na kwano.

Shi ne wani abokina ya haɗa ni da wani dattijon kafinta. Na zaci tsani zai nema ya hau sama, sai ya ce a'a, mu shiga ciki. Da tsakar rana ne. Ya cire silin guda ɗaya ya ce "Ɗana, ja ƙofar nan ka rufe." Na rufe, na ɗaga kai, sai ga haske ta ko'ina tsit-tsit kamar taurari. Na ce Baba ai waɗannan duk an liƙe su, ya yi dariya ya ce wanda ka gani ka liƙe. Daga nan ya zaro sukundireba ya soka a jikin rafta, ta shige kamar a burodi, gari ya zubo masa a hula. Gara ta cinye cikin ta bar ɓawo.

Bayanin da ya min ya zauna min a kai. Kwano da rana yana buɗewa saboda zafi, da dare ya tsuke, shekara da shekaru ramin kusa yana faɗi har kusar ta daina kama komai. In katakon na da rai sai a sake kusa a wuce wajen, in kuwa ya mutu ko kusa ɗari ka buga iska ce ka buga wa, kuma irin wannan rufin ne guguwar farkon damina ke yayewa gaba ɗaya ta kife a gidan maƙwabci. Sannan inda ruwa ke ɗiga ba lallai nan ya shigo ba, yana iya bin katako ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauko, shi ya sa yarona ke liƙe nan gobe a ce can.

Tsatsa ma ashe kala-kala ce. Wadda ta yi ja-ja a sama kawai ana iya kankarewa a yi fenti, amma in ta ci wajen da kwano ya hau kan kwano, ka taɓa ka ji yana marmashewa, wannan ya gama aiki. Namu ga wannan, ga tsakiyar rufin ya lotsa ruwa na kwanciya, ga indararon bayan katanga cike da leda da ƙasar hunturu, ga sawun masu ɗaura dish da sola da suka tattaka shi son ransu, wannan kam laifina ne da ban taɓa hana kowa hawa ba.

Ban yi aikin a lokacin ba, Baba ya ce ba a buɗe rufi a Agusta sai mai neman rigima da 'yan haya. Tamfol muka shimfiɗa muka lallaɓa har ruwa ya ɗauke, sai a Disamba muka fara, shago ɗaya-ɗaya don kar kasuwar kowa ta tsaya. Katako daga Na'ibawa, aka shafe shi da maganin gara kafin a ɗora. Wajen kwano na so in yi arha in ɗauki mara kauri, ya ce in dai alminiyam zan sa kar kaurinsa ya yi ƙasa da milimita 0.45, kuma in sa a auna a gabana don ba duk abin da aka faɗa maka da baki ne gaskiya ba. Na ji a jikina sosai, sai da muka haɗa kuɗi da 'yan uwa, wata ƙanwata har yau tana min mita.

Tsohon kwanon 'yan gwangwan suka saya a kilo. Daminar bana ba wanda ya kira ni, amma ranar da na leƙa siton ana hadari sai na tarar mutumina ya ajiye bahonsa a kusurwar da ya saba, wai hannunsa ne ya riga shi.