Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Daren da Muka Yi Lissafi

Makon jiya na tsaya inda dillali ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da la'asar, ya miƙo ambulan, ya juya ko zama bai yi ba. Ina cikin shirin tafiya aikin dare, sai na cusa ta a jaka. Ban buɗe ba sai wajen ƙarfe biyu, bayan na zaga marasa lafiyata na ba kowa maganinsa, ɗakin ya yi tsit. Layi biyar ne kacal. Mai gidan yana gaishe mu, yana kuma sanar da mu cewa in shekarar hayarmu ta zagayo za a ƙara kashi 20 cikin 100. In ba za mu iya ba, muna da wata uku mu nemi wani wuri.

Shekararmu bakwai a gidan a lokacin. Ɗaki biyu da falo ne a hawa na uku, mu biyar: ni da Malam da yara uku. Ba mu taɓa makara da kuɗin haya ba ko da na kwana ɗaya. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwalayen da muka kwaso kaya da su ranar da muka tare, ban zubar ba. Na ninke su na tura ƙarƙashin gado, duk shekara in zaro su in kakkaɓe ƙura in mayar. Zuciyata ba ta taɓa yarda cewa mun zauna ba.

Da na koma gida da safe Malam ya riga ya fita makaranta, sai na ajiye masa takardar a kan tebur. Da daddare, bayan yara sun yi barci, na ga ya ɗauko sabon littafin rubutu irin na ɗalibansa da jan bironsa na duba jarrabawa.

"Maman yara, zo ki zauna," ya ce. "Yau za mu yi lissafin da muke ta gudu."

Ya haɗa albashina da nasa na shekara, ya ja layi a ƙasa. Haya tana cin kashi 35 cikin 100 na wannan kuɗin. Da ƙarin da aka yi za ta koma kashi 42. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce masu nazarin harkar gidaje suna da ma'auni, cewa iyalin da haya ta ci musu fiye da kashi 30 sun shiga matsi. Malam labarin ƙasa yake koyarwa, ba ya barin magana bai kai ta tushenta ba. Ya ce a Amurka ma'aunin ya samo asali. A 1969 wani sanata mai suna Edward Brooke ya kawo gyaran doka da ya hana a karɓi fiye da kashi 25 na abin da iyali ke samu a gidajen gwamnati, sai a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Na ce masa, "To Malam, ashe mun daɗe da tsallake layin ba mu sani ba." Ya ce mun sani, suna ne dai ba mu sa masa ba.

Sai ya juya shafi, ya rubuta "Saye" a sama. Wannan shafin shi ne ya hana ni barci a daren.

Gida irin wanda muke ciki, a unguwar da muke, kuɗinsa ya kai abin da mu biyu muke samu a shekara goma. Kafin banki ya saurare ka sai ka ajiye kafin alƙalami, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gidan, wato albashinmu na shekara biyu cur ba a taɓa ko sisi ba. Mu kuwa, da duk tsimin da muke yi, kashi 10 cikin 100 muke iya tarawa a shekara. Shekara ashirin ke nan. Na ce to, ashirin ɗin ma ai tana zuwa, in da rai. Ya girgiza kai, ya ci gaba da rubutu. In kuɗin gida ya tashi da kashi 5 kawai a shekara, kafin alƙalamin shi ma ya tashi da kashi 5, kuma kashi 5 na albashin shekara biyu daidai yake da kashi 10 na albashin shekara ɗaya. Wato duk abin da muka tara daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, shi ne daidai tazarar da gidan ya ƙara yi mana. Ya aje biron ya ce, "Shekara bakwai muna tafiya, kuma muna nan inda muka tashi."

Na karɓi littafin na sake bin lissafin da kaina har sau biyu, ina fatan ya yi kuskure. Bai yi ba. Na tuna duk tafiye-tafiyen da muka fasa, da ƙarin aikin dare da nake karɓa a madadin wasu, da darasin da yake koyarwa ranar hutu. Ban yi kuka ba. Wani irin sanyi ne ya shiga jikina.

Duk da haka muka je banki, don zuwa da kai ya fi saƙo. Ma'aikacin da ya karɓe mu mutumin kirki ne, bai wulaƙanta mu ba. Ya duba takardun albashinmu, ya yaba da yadda asusunmu yake ba bashi. Sannan ya ce, "Hajiya, gaskiya zan faɗa muku. Ba ma ba da rancen da ya wuce ninki huɗu na abin da mutum ke samu a shekara." Gidan ninki goma ne. Ashe ba albashin shekara biyu ake so mu kawo ba, na shekara shida ne. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ya ƙara da cewa ko da an ba mu ninki takwas ɗin da muke nema, in kuɗin ruwa ya kai kashi 6, ruwan kaɗai a shekarar farko zai cinye kusan rabin albashinmu, uwar kuɗin ko taɓa ta ba a yi ba.

Daga nan muka wuce ofishin da ke rabon gidaje masu rangwame. A can maganar ba ta yi tsawo ba. Matar ta duba fom ɗinmu ta ce albashinmu ya haura iyakar da aka sa. A rana ɗaya banki ya ce ba mu kai ba, ofis ya ce mun wuce.

Ranar Asabar muka je gaida Yayana. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya biya mini makarantar koyon aikin jinya, don haka maganarsa tana da nauyi a wurina har gobe. Gidansa na kansa ne, da ɗan fili a baya, a unguwar da yanzu sai wane da wane. Ya saye shi shekara ashirin da biyar da suka wuce, da albashinsa shi kaɗai, kuma ya sha faɗa mana cewa kuɗinsa bai wuce albashinsa na shekara uku ba. Da na ba shi labari ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Auta, ku yaran yanzu ba ku iya haƙuri ba. Mu da muka sayi namu, ai ba daga sama ya faɗo ba. Mun ƙuntata wa kanmu ne. Ku rage kashe-kashe."

Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba da mugunta ya faɗa ba. Ya yarda da abin da yake faɗa. Shi a ganinsa hanyar da ya bi tana nan a buɗe, mu ne muka ƙi bi. Na ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," sai muryata ta fara rawa na yi shiru.

Malam ba mai jayayya da manya ba ne. Shekara goma sha biyu da aurenmu ban taɓa jin ya mayar wa Yaya magana ba. Amma ranar ya zaro littafin nan daga aljihu, ya matsa kusa, ya ce, "Yaya, a yi mini afuwa, ina so ka duba mini wannan, ko akwai inda za mu rage." Yaya ya sa tabarau ya bi layi-layi. Ya daɗe a shafi na biyu. Da ya ɗago bai ce komai ba.

Sai Malam ya ce, a hankali, "Yaya, benen nan mai hawa shida da aka so ginawa a ƙarshen layinku bara, me ya hana?"

Yaya ya ce su mazauna layin ne suka haɗu suka rubuta takardar ƙorafi. Zai tare musu iska, zai kawo cunkoson motoci, ba a san irin mutanen da za su shigo ba. Shi ma ya sa hannu.

"Iyali nawa zai ɗauka?"

"An ce ashirin da huɗu."

"Irinmu ne za su shigo, Yaya. Malaman makaranta da masu aikin asibiti."

Ban taɓa ganin Yayana ya rasa abin cewa ba sai ranar. Ni kaina ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Ina ganin tsadar gida kamar ruwan sama ce, abin da ke sauka a kan kowa ba da hannun kowa ba. Ashe akwai hannaye a ciki, kuma wasu na mutanen da muke ƙauna ne. Aiki yana cikin birni, mutane suna ta shigowa saboda aikin, ƙasar birnin ba ta ƙaruwa, hanya ɗaya da ta rage ita ce a yi sama, sai kuma waɗanda suka riga shiga su ce kada a yi. Bulo da siminti ba su ne suka yi tsada haka ba. Gidan Yaya ma ya tsufa, rufinsa yana neman gyara. Ƙasar da yake kai ce ta ninka.

Yaya ya ce to ai ko'ina a duniya haka manyan birane suke. Nan Malam ya samu bakin magana. Ya ce ba ko'ina ba. A Biyenna, babban birnin Ostiriya, hukumar birni ta mallaki gidaje kusan 220,000 tana ba da haya, kuma an ɗaga iyakar albashin shiga sosai yadda mafi yawan mazauna birnin sun cancanta. In ka shiga, ko albashinka ya ƙaru ba a korar ka. A Singafo an kafa hukumar gidaje a 1960, aka yi dokar karɓar filaye a 1966, yau kusan mutum takwas cikin goma a gidajen hukumar suke zaune, yawancinsu sun saya bisa yarjejeniyar shekara 99. A Auckland ta ƙasar Niyu Zilan kuma, a 2016 aka sassauta dokar gini a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, aka bar mutane su gina gidaje da yawa inda da ake gina ɗaya, gine-gine suka ƙaru sosai. Ya ce can ma akwai layi, akwai jira, akwai masu kuka. Amma wani ya zauna ya yanke shawarar cewa wanda ke koyar da yaran birni da wadda ke jinyar marasa lafiyarsa su ma a birnin za su kwana.

Yaya ya raka mu har bakin ƙofa, abin da bai saba yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Auta, Allah ya buɗa." Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba.

Saura hanya ɗaya, wadda kowa ke ba mu shawara: ku fita bayan gari. Muka je muka gani. Gida ne mai kyau, ɗaki uku, da wurin da yara za su yi wasa, hayarsa kusan rabin tamu. Na tsaya a tsakar gidan raina ya biya. Amma mun sa agogo tun daga ƙofar asibiti, awa biyu muka yi, kuma ranar ba cunkoso. Awa huɗu ke nan kullum, zuwa da dawowa. A hanyar komawa na yi nawa lissafin a ka: kwana biyar a mako, mako arba'in da takwas, awa 960. Kwana arba'in cur, dare da rana, a cikin mota kowace shekara. Kuɗin motar mu biyu zai cinye fiye da rabin rangwamen. Ni kuma da nake tashi aikin dare ƙarfe takwas na safe, ban isa gida ba sai goma, yara sun daɗe da tafiya makaranta, in suka dawo ina shirin sake fita. Ƙaramar tawa shekararta huɗu a lokacin.

Muka sa hannu a sabuwar yarjejeniyar haya, da ƙarin da komai. Abin da muke tarawa ya sauko daga kashi 10 zuwa kashi 3. Malam ya rufe littafin ya saka a cikin jakar takardunmu, tare da takardun haihuwar yara. Kwalayen na bar su inda suke.

Bayan mako biyu, muna miƙa aiki da safe, babbar sista ta ɗakinmu ta ja ni gefe. Shekararta goma sha tara a asibitin, ita ta koya mini sa allurar jarirai. Ta ce ta ajiye takardar barin aiki, za ta koma wani ƙaramin gari inda asibitinsu ke neman ma'aikata, har da gidan zama suke bayarwa. Ita ce ta huɗu da ta tafi a shekarar. Ta zaro wani fom daga aljihun rigarta ta danƙa mini a hannu, ta ce, "Ƙanwata, mutum biyu suke nema. Ki kai wa Malam ku duba."

Abin da Malam ya ce da ya ga fom ɗin, da abin da babban ɗanmu ya ji ta bayan ƙofa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.