Marurun da ya hana sukarin ɗiyata sauka

Ɗiyata tana da shekara tara, kuma shekara biyu ke nan da aka gano tana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ke daina samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, sai dai a riƙa yin allura kullum. Wata Talata da asuba na soki yatsanta, na'urar gwajin sukari ta nuna 310, alhali likita ya ce mu yi ƙoƙari lambar ta riƙa tsayawa tsakanin 70 da 180. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ta sha alewa a makaranta a ɓoye, na tsare ta da tambayoyi har ta yi kuka. Har yau wannan zargi yana yi mini ciwo, domin yarinyar ba ta ci komai ba.

Sai washegari, da na zo yi mata wanka, na lura ta ƙi ɗaga hannun hagu. "Umma, a hankali, akwai zafi," in ji ta. Ashe maruru ne a hammatarta, jajur, mai tauri, ya kai girman goro.

A daren nan na tafka babban kuskure. Zazzaɓi ya rufe ta, ko kunu ta kasa sha, ni kuwa saboda tsoron kada sukarinta ya faɗi na ƙi yi mata allurar dare. Kafin gari ya waye ta fara amai da ciwon ciki, tana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinta na wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna fiye da kima. A asibiti aka sami sinadarin kiton, wanda ke taruwa idan insulin ya yi ƙaranci a jiki, a fitsarinta, aka sa mata ƙarin ruwa da insulin ta jijiya, daga baya aka tsaga marurun aka fitar da mugunya.

Likitan bai yi mini faɗa ba. "Maman yarinya," in ji shi, "ko ba ta ci abinci ba, jikinta yana bukatar insulin." Ya bayyana mini cewa duk lokacin da kumburi ya tashi a jiki, ana sakin sinadarai irin su kotisol da adiranalin waɗanda ke sa hanta ta zuba sukari cikin jini, kumburin kuma yana hana insulin yin aikinsa sosai, shi ya sa adadin da ya isa jiya ba ya isa yau. Sukarin da ya hau shi ma yana raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, sai ciwo ya daɗe bai warke ba. Idan insulin ya yi ƙaranci, jiki yana komawa ƙona kitse, daga nan ne kiton ke taruwa ya gurɓata jini.

Tun daga lokacin, idan lamba ta hau ba tare da abinci ya canja ba, jikinta nake fara dubawa: maƙogwaro, dasashi, kunne, hammata, tsakanin yatsun ƙafa da wuraren allura. Idan ba ta da lafiya ina gwada sukarinta duk bayan awa biyu zuwa uku, har cikin dare, ina ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, in kuwa sukarin ya wuce 250 sai na gwada fitsari don duba kiton, na kira likita ya faɗa mini yadda zan daidaita allura. Bayan wata huɗu dasashinta ya kumbura, sukari ya sake hawa, a ranar muka je wurin likitan haƙori, kuma a gida ta kwana.